Ɗafa-ƙeyar Nasaba a Zazzaganci

Ɗafa-ƙeya ita ce harafi ko gaɓar da ake liƙa wa ƙarshen kalma. A Daidaitacciyar Hausa, -n ta namiji ce da jam'i, -r kuwa ta mace: gidan sarki, rigar sarki. Amma a birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, akan ji "rigan sarki", domin Zazzaganci bai cika bambanta jinsi ba. Haka harsuna ke rage ɗafa-ƙeya: tsohon Girkanci yana sarrafa ƙarshen suna a matsayi biyar, na zamani huɗu. Sai dai a wasiƙar ofis ko takardar ciniki, ƙa'idar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga Zariya tun 1939 ake bi, wato "motar gwamnati".