Jijiya Ɗaya, Ma'ana Huɗu: Tarihin Kalmomin Zuciya da Jini a Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen zancen zuciya da jini da hanyoyinsa, tare da nuna inda suka gaza ɗaukar nauyin da likitancin zamani ya ɗora masu.

2.0 Gadon Wanzami da Mahauci

Tun kafin zuwan asibiti, wanzami da mahauci su ne masana jiki a ƙasar Hausa. A Rijiyar Zaki, wadda take kan hanyar Gwarzo, ƙauyen noma a da, yanzu kuwa birnin Kano ya cim mata, wanzami shi ne mai tsaga, mai kafa ƙaho don zuƙe mataccen jini. Mahauci kuma ya san zuciya da huhu da hanta da saifa da hannunsa. Sai dai su duka biyu da kalma ɗaya suke kiran duk wani zare na cikin jiki, wato jijiya. Wadda take fitar da jini daga zuciya jijiya ce, wadda take komo da shi jijiya ce, haka mai kai saƙon ƙwaƙwalwa, haka mai ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara.

Ita ma zuciya ba tsokar ƙirji kaɗai ba ce. Wanda ya yi zuciya fushi ya yi, tashin zuciya kuwa lamarin ciki ne.

3.0 Malamai da Turawa

Larabci ya bambanta shiryan da warid da asab, kuma Ibn al-Nafis (ya rasu 1288) ya bayyana bin jini ta huhu tun kafin William Harvey ya bayyana kewayensa a 1628. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi rubuce-rubuce kan magani, amma da Larabci. Saboda haka waɗannan kalmomi suka tsaya a zauren malamai, ba su shiga kasuwa ba.

Ƙamus na Bargery (1934) da na Abraham (1949) sun tarar da jijiya a haka, suka rubuta ta a haka. Hukumar Hausa (1955) ta fi mai da hankali ga daidaita rubutu da kalmomin aro. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi (1990) kuwa harshe da adabi ya shafa. Aka bar wa ma'aikatan asibiti da na rediyo ƙirƙira, suka samar da hawan jini da ƙarin jini da rukunin jini da bugun zuciya.

4.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Waɗannan kalmomi sun karɓu, amma wasu suna da tarko. Mai jin "hawan jini" yana iya ɗauka jininsa ne ya yi yawa, ya nufi wanzami a rage, alhali ƙarfin matsin jini ne a jikin jijiya. Haka wanda aka ce yana da "ciwon zuciya" yana iya zaton baƙin ciki ake nufi, ya nemi haƙuri, ya bar ƙwaya.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a riƙe jijiya a matsayin uwa, a yi mata 'ya'ya: mafitar jini, makomar jini, jijiyar saƙo, jijiyar ɗauri. Kafin a buga su, a gwada su a bakin wanzami da ungozoma da majinyaci, domin kalmar da ba su gane ba ba ta da amfani a ɗakin likita.