Ma'aunin 'Yan Mutum-mutumin Soja a Wasannin Yaƙin Mulkin Mallaka

Wasan yaƙi na kan tebur wasa ne da ake jera 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma ko roba a kan shimfiɗa mai siffar fagen fama, a sake buga wani yaƙi na tarihi bisa ƙa'idoji rubutattu, tare da tef na awo da ƙwayar ludo. Abin da ake kira ma'auni a wannan fanni shi ne tsawon ɗan mutum-mutumin da milimita, kuma maƙera ba su taɓa haɗa kai a kan inda awon zai tsaya ba, domin wasu daga tafin ƙafa zuwa ido suke aunawa, wasu kuwa har ƙoli, abin da ya sa sojoji biyu masu lamba ɗaya kan bambanta a jere.

A birnin Nuremberg na Jamus gidan Heinrichsen ya yaɗa sojojin kuza masu faɗi, marasa kauri, na kimanin milimita 30 a ƙarni na 19. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zubin dalma mai rami a ciki, wadda ta rage tsada, ta kuma kafa ma'aunin milimita 54, wato kashi ɗaya cikin 32 na tsawon mutum. Da irin waɗannan marubuci H. G. Wells ya tsara littafinsa Little Wars a 1913, sai dai girmansu ya sa daɓen ɗaki ko farfajiyar gida ne fagen wasan. Da wasan ya koma kan tebur bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ma'auni ya yi ta raguwa: Jack Scruby na Amurka ya yi zubin milimita 30, kamfanin Airfix ya cika kasuwa da sojojin roba masu araha na kusan milimita 20, sannan 25 da 15 suka biyo baya. Na milimita 28 da ya mamaye fagen a yau daga na 25 ya tsiro, saboda masassaƙa sun riƙa ƙara jiki kaɗan-kaɗan don fuska da kayan ɗamara su fito.

A yaƙe-yaƙen mulkin mallaka ne zaɓen ma'auni ya fi nauyi, saboda rundunonin ba sa kunnen doki. Lokacin da Kanar Morland ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, sojojinsa ba su kai dubu ba, galibinsu baƙar fata ne na rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa, amma suna da igwa da bindigar Maxim. A Sakkwato kuwa, ranar 15 ga Maris, dubban dakaru da mahaya suka fuskanta. Mai son kwatanta wannan taro da manyan mutum-mutumi zai rasa tebur, shi ya sa milimita 15 ko ƙasa da haka ya fi dacewa da shi, yayin da 28 ya fi kyau ga ƙananan arangama, irin waɗanda ƙa'idojin The Sword and the Flame na Larry Brom, da suka fito a 1979, suke ginawa a kan rukunin mutum ashirin. Babban ma'auni yana nuna lifidi da sulke da naɗin rawani, amma yana ɓoye gaskiyar fagen, wato yawan mutanen da harsashi ya tare kafin mashinsu ya kai.

Kasuwar dai ta fi karkata ga yaƙin Zulu na 1879 da na Mahadin Sudan, ta bar yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa a gefe, har da Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a Yulin 1903, duk da cewa mamayar wannan zamani ce ta haifar da iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, wadda ake ƙetarawa a Jibiya har yau.