Daga Gandoki Zuwa Tirmini: Yadda Aka Rubuta Faɗa a Ƙagaggun Labaranmu

Duk wanda ya karanta labaran da muke musaya a wannan ƙungiya tamu ya san inda muka fi rauni. Muna iya rubuta hirar saurayi da budurwa, muna iya rubuta kukan uwa, amma da an zaro wuƙa ko an ɗana bindiga sai alƙalami ya fara rawa. Shafi uku ana sara ana suka, mai karatu bai san wanda ke gabas ba balle wanda ke yamma, jarumi ya kashe mutum ɗari ko gumi bai yi ba. Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, shi ya sa nake so mu koma baya mu duba yadda waɗanda suka riga mu suka yi da wannan matsala, da irin kayan aikin da Hausa ta ba su, waɗanda har yau suna nan a bakinmu.

Kafin boko, faɗa a bakin maroƙa da masu kirari yake. In kun lura da kirarin mafarauci ko na ɗan dambe, ba ya gaya muku yadda hannu ya tashi da inda ya sauka. Mutumin yake gina muku, ubansa wane ne, wa ya kayar bara, me ya sa ake tsoronsa. Kirari ya yi tsawo, karon kansa kuwa ƙiftawar ido ne. Haka ma a tatsuniya, Dodo zai daɗe yana ruri daga nesa, amma haɗiyewa da farke ciki jimla biyu ne. Wannan gadon ne marubutan farko suka tarar.

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya zagaya manyan garuruwan arewacin Najeriya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A cikinsu Ganɗoki ne littafin yaƙi, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe.

Ganɗoki barde ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, kuma da bakinsa yake ba yara labari. Kashin farko na littafin a kan tarihi na gaske yake tsaye, wato zuwan sojan Ingila, faɗuwar Kwantagora a 1901, da ƙaurar da ta bi bayan cin Sakkwato a 1903. Daga nan labarin ya bar duniyar mutane, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka shiga ƙasashen aljanu suna yaƙi. To ga abin da na lura da shi. Faɗan kashin farko ya fi kama zuciya nesa ba kusa ba, alhali na biyun ya fi yawan gawa. Dalili kuwa shi ne a kashin farko mai karatu ya san doki da takobi ba za su ci bindiga mai ruwa ba. Ya san garin zai faɗi. Duk bugun ƙirjin da Ganɗoki yake yi, akwai asara tana jiransa, kuma wannan sanin ne yake riƙe mutum a kan shafi. A ƙasar aljanu kuwa ba abin da zai rasa, saboda haka ko ya sare kawuna dubu, lissafi ne kawai. Bello Kagara an haife shi kafin zuwan Turawa, ya tashi cikin mutanen da suka ga abin da idonsu, sunayen garuruwa da na sarakuna da na makamai duk a hannunsa suke. Inda ya san ƙasa, faɗansa yana da ƙasa a ƙarƙashinsa.

A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne aka yi masa rigar Hausa. Darasinsa ɗaya ne amma babba. Mun fara ganin Iliya yana gurgu, shekara da shekaru ba ya iya tashi. Saboda mun ga rauninsa, ƙarfin da ya samu daga baya yana da daraja a idonmu. Marubuci da yawa a yau suna fara jaruminsu daga sama, ba su bar masa inda zai hau ba.

Bindiga da mota da ta'asar birni sun shigo da ƙarfinsu a 1982, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda Mailoma da ƴan ƙungiyarsa suke ɓarna a Najeriyar bayan yaƙin basasa. A nan tashin hankali ya daina zama abin alfahari, ya koma abin ƙyama, kuma mai yin sa ba ya tsira daga gare shi. Bayan haka kasuwar littattafan Kano ta buɗe, littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka cika hannun matasa har nan Damagaram, ga kuma finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa. Ba na raina su, da yawanmu ta nan muka koyi son karatu. Sai dai sun bar mana wata ɗabi'a, ta auna faɗa da yawan matattu da tsawon tsalle.

A wannan ɓangare na iyaka tarihin daban ne. Faransa ba ta kafa mana irin hukumar Zariya ba, lakwal da Faransanci zalla aka yi ta, sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Zinder. Shi ya sa yaƙoƙinmu da Faransanci suka fara shiga littafi. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimu. Abdoulaye Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, wato maƙwabcinmu ne na ƙasar Manga, ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin Sarauniya Mangu da karonta da rundunar Voulet da Chanoine a Lugu cikin watan Afrilu 1899. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin koyi a wajen Mamani shi ne haƙuri. Yana kai mu sansanin Turawa, ya kai mu fadar Sarauniya, ya bar mu mu ji yadda labarin tsafinta ke cin zuciyar sojojin haya tun ba su ga Lugu ba. Kafin a harba harsashi na farko, tsoro ya riga ya yi rabin aikin. Wannan tsohuwar dabarar kirari ce, ya ɗauke ta ya sa a harshen wasu.

Yanzu bari in sa hular karatuna, domin abin da ya fi ba ni haushi shi ne Hausa tana da kayan faɗa a cikin nahawunta, mu kuwa muna barin su suna tsatsa.

Na farko, lokacin aiki. Ku gwada waɗannan biyu a kunne: “Sun shiga gari, sun ƙone rumbuna, sun kore shanu” da “Suka shiga gari, suka ƙone rumbuna, suka kore shanu.” Ta farko rahoto ce, abin ya wuce, ana gaya wa hakimi. Ta biyu kuwa tana tafe da kai, kowane aiki yana taka wuyan na gabansa. Mu a aji muna ce masa shuɗaɗɗen lokaci na biyu, shi ne muka, kuka, suka, aka, wanda mutanen Tawa da Dogon Dutsi suke faɗi munka, sunka, anka. Shi ne ƙashin bayan ba da labari. Sigar “yana” da “suna” aikinta shimfiɗa fage, ƙura tana tashi, mata suna kururuwa. In ka rubuta faɗa duka da “yana ta sara, yana ta suka”, ka tsayar da agogo ke nan, ba abin da ya faru, ana dai cikin yi.

Na biyu, ƙarshen aikatau. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma aji na shida, mai ƙarewa da -o, kyauta ce ga marubucin faɗa. “Suka harba kibau” yana nufin muna bayan maharba muna kallon kibau suna tafiya. “Suka harbo kibau” kuwa, mu ake harbi. Wasali ɗaya ya ɗauke mai karatu daga wannan sahu ya kai shi wancan. Haka jefa da jefo, faɗa da faɗo, tasa da taso. Abin da mai fim yake yi da kyamara, mu da wasali muke yin sa. Saboda haka kafin ka fara, yanke shawara a jikin wa mai karatu yake tsaye, kada -o ɗinka ta riƙa yawo tsakanin rundunoni biyu. Aji na huɗu kuma, mai -e, shi ke rufe aiki: ƙona da ƙone, fasa da fashe, zuba da zube. Ajiye shi sai wurin da ba dawowa.

Na uku, ninki da amsa-kama. “Ya sassare su” ta haɗiye sara goma a kalma guda, saboda haka ninki na wurin da kake son wucewa da sauri ne. Inda kake son a ji zafi, koma sara ɗaya, mutum ɗaya. Amsa-kama kuwa, irin su wuf, caraf, tim, zumbur, kwatsam, gishiri ne. Ɗaya a inda ya dace ya isa. Na sha ganin shafi mai guda goma sha, sai ka ji kamar ana buga kwano.

Ga misali nawa na kaina. Wani zai rubuta: “Aka yi wani mummunan yaƙi mai ban tsoro wanda ba a taɓa ganin irinsa ba, jarumi yana ta kashe maƙiya ba adadi.” Ni zan fi son: “Dokin ya yi tuntuɓe a bakin kwari. Ari ya faɗo, mashin ya kuɓuce masa. Ya laluba, hannunsa ya cika da yashi. Ta bayansa ya ji kofato.” Ba a kashe kowa ba tukuna, amma kun san inda yake, kun san abin da ya rasa, kuna kuma son sanin abin da zai biyo.

Wanda yake son malami a wannan fanni kyauta, ya kunna rediyo lokacin kokowar takobi, wadda ake yi tun 1975 da aka fara ta a Tawa. Mai sharhi yana magana da mutanen da ba sa ganin fili, kamar mu da masu karatunmu. Ku saurari abin da yake faɗi: wa ya kama ƙafar wa, wa aka tura bakin da'ira, gwiwar wa ta kusa taɓa ƙasa. Minti goma yana jan rai, kayen kuwa kalma ɗaya ce.

Me ya sa duk wannan ya dame ni? Domin muna zaune a kan labaran da ba a rubuta da harsunanmu ba. Gure babban birnin Muniyo ce. Heinrich Barth ya sauka a nan a ƙarshen 1852, zamanin Muniyoma Koso, ya kuma rubuta abin da ya gani. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera igwa an haɗa albarushi a cikin Zinder, kuma ƙarfin Damagaram ya kai har kan Muniyo. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder zamanin Amadu Kuran Daga, a ƙarshen Yuli 1899 kuma dawakin Damagaram suka kara da bindigogin Faransa a Tirmini suka sha kashi. Wannan shi ne irin kashin farko na Ganɗoki, faɗan da aka san ƙarshensa, ga duwatsu da kwaruruka da muka sani da ƙafarmu. Ban ga dalilin da zai sa ɗan Gure ya kai jaruminsa birnin aljanu ba alhali bai taɓa kai shi bayan dutsen garinsu ba.

Akwai kuma dalili mafi nauyi. Tun harin Bosso da Diffa na watan Fabrairu 2015, masu karatunmu sun san ƙarar bindiga ba a fim ba. Wasu sun yi gudun hijira, wasu sun binne nasu. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan matasan Kara-Kara ya ga tabon wuƙa a jikin tsararrakinmu. Irin wannan mai karatu ba a yi masa ƙaryar cewa sara ba ta da zafi. In muka rubuta kisa kamar wasa, ko dai ya ajiye takardar, ko kuma ƙaninsa ɗan shekara goma sha biyar ya ɗauka haka abin yake. Duk wanda ya faɗi a labarinka yana da uwa, ko da ba ka ambace ta ba, kuma ya kamata a ji haka a yadda ka kayar da shi.

Shawarata ga fitowa ta gaba ita ce kowannenmu ya kawo shafi ɗaya tak, faɗa ɗaya, a wurin da ya taɓa takawa da ƙafarsa. Wanda kakansa ko kakarsa ke da rai ya je ya tambayo yadda ake ɗaura lifidi da nisan da kibiya ke ci, ya rubuta a kaye kafin ya fara. In mun haɗu sai a karanta da ƙarfi, a sa mutum ɗaya ya zana a ƙasa inda kowa yake tsaye. In ya kasa zanawa, marubucin ya koma ya sake.