Tarihin Rajistar Manoma a Madobi, Kura da Bunkure: Daga Malaman Taki zuwa Jadawalin Kwamfuta

Rajistar manoma ita ce jerin da hukuma ko ƙungiya ke ajiyewa na masu gonaki, ɗauke da sunan mutum, garinsa, girman gonarsa, abin da ake bin sa da abin da ya biya. A ƙasar da ke kudu da birnin Kano, inda Madobi ke maƙwabtaka da Kura da Garun Malam, Bunkure kuma tana gaba da su, wannan jeri ya fi shekara ɗari yana sauya kama. Da fari a kan mutane yake, sannan ya sauka a takarda, yau kuma ya shiga kwamfuta da wayar hannu. Tambayar da ake yi masa dai ba ta sauya ba: a cikin wannan dogon jeri, su wa suka biya, su wa suka rage? Fitar da gajeren jeri daga cikin dogo shi ne ainihin aikin duk wanda ya taɓa riƙe rajista a wannan ƙasa.

Kafin zuwan Turawa, masarautar Kano tana karɓar kuɗin ƙasa, da zakka, da jangali, da wasu kuɗaɗe a kan sana'o'i. Biyu daga cikinsu sun shafi wannan yanki kai tsaye. Akwai kuɗin karofi, wanda ake ɗora wa ramukan rini, Kura kuwa gari ne da ya yi suna wajen rini da bugu, har baƙin rawani mai sheƙi ya ɗauki sunan ɗan Kura. Akwai kuma kuɗin rafi, na masu lambu da ke ɗaga ruwa da jigo su shayar da albasa da alkama da rani. Yawancin hakimai a birni suke zaune, jakadu ne ke fita ƙauyuka su karɓo. Malamai na rubuta wasiƙu da wasu lissafe-lissafe da Larabci, amma sanin wane gida ne ke da wace gona yana wurin mai unguwa da dagaci. Su ne rajistar, kuma idan ɗayansu ya rasu, wani ɓangare nata ya tafi da shi.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. A zamanin Sarki Abbas aka fitar da hakimai daga birni, aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka kafa baitulmali, aka kuma soma haɗe kuɗaɗen nan iri-iri su zama haraji guda. Sabon tsari yana bukatar adadi a rubuce, sai aka fito da awon taki. Malaman taki sukan bi gonaki suna auna tsawo da faɗi da takun ƙafa, su rubuta sunan mai gona da girmanta, a yanka masa haraji gwargwadon haka. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana cikin wuraren da suka soma yaye masu boko da lissafin da irin wannan aiki ke nema. Awon taki ya sha suka, domin takun malami na iya gajarta ko ya tsawaita gwargwadon abin da aka sa masa a aljihu. Tun a wannan mataki na farko matsalar da za ta bi rajista har yau ta bayyana: amincin littafi bai wuce amincin wanda ya tsaya a bakin gona ba.

Littafin harajin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, shi ne kakan jadawalin da aka sani yanzu. Akan ja layuka a tsaye da a kwance, kowane magidanci da layinsa, kowane bayani da gidansa. Wanda ya biya, malamin haraji ya yi masa alama ya yanka masa rasit, kuma wannan 'yar takarda ta zama abin da matafiyi ke ɗaurewa a jikinsa don gudun kamu. Idan hakimi ya nemi sunayen waɗanda ba su biya ba, malami ya bi littafi da yatsa daga sama har ƙasa, yana kwafe duk sunan da ba shi da alama a wata takarda dabam. Aiki ne na kwanaki, kuma da zarar mutum biyu sun biya washegari, kwafin ya tsufa. Haka aka yi ta yi har 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, kuma da hujja. Sai dai ƙirgar magidanta ta shekara-shekara, wadda haraji ke tilastawa, ita ma ta tsaya daga nan.

A daidai wannan zamani wata sabuwar rajista ta riga ta kunno kai. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Bagauda, aka yi gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya zana tsarin noman ranin, aka ƙiyasta kashin farko zai shayar da hekta 22,000, ko da yake abin da aka gyara a shekarun farko bai kai haka ba. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Ruwa na tasowa daga Tiga ya bi babban kanal, ya rabu zuwa reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan kanal-kanal har ya isa kunya. An yanka ƙasar sekta-sekta, kowace sekta kuma fili-fili, galibi a Kura da Garun Malam da Bunkure.

Abin da ya sa rajistar wannan aiki ta fi ta haraji nauyi shi ne yadda aka yi da ƙasa. Ba a kori masu gonaki don a kawo baƙi ba. An auna gonar kowa, aka baje filin da manyan injuna har tsoffin iyakoki da itatuwan da ake shaida da su suka ɓace, sannan aka mayar wa kowa da rabonsa bayan an cire kusan kashi 10 cikin 100 domin kanal da hanyoyi. Daga ranar, shaidar mallakar mutum ta tashi daga kukar da kakansa ya sani, ta koma lamba a taswira da suna a littafi. Ƙasa kuwa ba ta zama wuri ɗaya a hannun Bahaushe. Mai gona ya rasu, 'ya'ya sun raba gado. Wani ya ba da tasa jingina, wani haya ta kaka ɗaya, wani aro, wani ya sayar wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni. Cikin 'yan shekaru sunan da ke littafi da mutumin da ke tsaye a cikin tumatir ko shinkafa suka zama mutum biyu. Karɓar kuɗin ruwa ya yi wuya, gyaran kanal ya ja baya, kachala ta toshe magudanai, manoman da ke ƙarshen layi suka fi kowa shan wahala.

Manoman da ke wajen kanal, irin na fadamun Madobi, ta wata ƙofa suka shiga rajista. Hukumar aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse na fadama a shekarun 1980, jigo ya ja da baya, shirin Fadama na ƙasa da ya biyo baya kuma ya nemi manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya kafin su sami tallafi. Daga nan kowane shiri da jerinsa. A 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, aka soma rabon takin zamani mai rangwame ta saƙon waya, lambar waya ta zama gida a rajista. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, lambar BVN da ta asusun banki suka shigo. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara kanal-kanal na Kogin Kano, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa. Wannan sauyi ne babba. Littafin da a da hukuma ke riƙewa a kan manomi, yanzu ana son manomi ya riƙe shi da hannunsa.

Jadawalin kwamfuta ya girmi duk waɗannan shirye-shirye na baya-bayan nan. Dan Bricklin da Bob Frankston sun fitar da VisiCalc a Amurka a 1979, shekarar da aka soke haraji a Kano. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel na kamfanin Microsoft a 1985, Google Sheets a 2006. Siffarsu siffar littafin En'e ce, layi da gida, amma gida ɗaya na iya ɗaukar ƙa'idar lissafi wadda ke duba wasu gidaje ta ba da amsa, ta kuma sabunta amsar da zarar an taɓa su. Tsohuwar hanyar tacewa a Excel ɓoye layuka take yi a cikin ainihin jerin, wanda ya buɗe bayan wani sai ya ɗauka rabin sunayen sun salwanta. Abubuwa biyu ne suka kawo sauƙi. Na farko ɗan akwatin alama da ke zaune a cikin gida, wanda Google Sheets ya kawo a 2018, Excel kuma a 2024, duk da cewa Excel ya daɗe da wani nau'in da ake ɗorawa a bisa shafi a ɗaura shi da gida. Na biyu ƙa'idar FILTER, wadda ta daɗe a Google Sheets, Microsoft kuma ya sanar da tasa a 2018.

Yadda suke aiki tare ba shi da wuyar fahimta. Ɗan akwatin ba zane ba ne kawai: idan an danna shi, gidan na ɗauke da e, idan an cire, yana ɗauke da a'a, lissafi kuma na karanta su a matsayin 1 da 0. A ce magatakardan ƙungiya yana da shafi mai ɗauke da suna, sekta, girman gona, amfanin da aka shuka, kuɗin ruwa, da akwati a gaban kowane suna na shaidar biya. A shafi na biyu sai ya rubuta FILTER sau ɗaya, ya nuna mata dukan jerin, ya gindaya mata sharaɗi: kawo layukan da akwatinsu ba shi da alama. Sunayen masu bashi za su zubo da kansu, ainihin jerin kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Wani ya biya, aka danna akwatinsa, nan take sunansa ya fita daga shafi na biyu. Aikin da malamin haraji ke kwana a kai ke nan.

Ana kuma amfani da akwatin ta wata fuska, a matsayin makunni. A saman shafi a jera akwatuna uku, ɗaya na shinkafa, ɗaya na alkama, ɗaya na tumatir, a ɗaura ƙa'idar da su. Shugaban ƙungiya da bai san lissafin kwamfuta ba zai danna na alkama ya ga masu alkama kaɗai, ya ƙara na tumatir ya ga duka biyu. Dabarar haɗa sharuɗɗa tana cikin 1 da 0 ɗin nan: idan ana so sharaɗi biyu su cika tare, kamar ɗan sekta kaza wanda kuma bai biya ba, sai a ninka su, domin sifili ɗaya ya isa ya kashe layin. Idan ɗaya daga ciki ya wadatar, sai a tara su. Ƙa'idar SORT na jera sakamakon daga babban bashi zuwa ƙarami, COUNTIF na ƙirga masu alama, SUMIFS na tara kuɗin da ya shigo daga kowace sekta. Mai tsohon Excel, irin na 2016 ko 2019, ba zai sami FILTER ba, kuma irin waɗannan kwamfutoci suna da yawa a ofisoshi da shagunan buga takardu.

Kurakuran wannan zamani na musamman ne. Lambar wayar Najeriya da sifili take farawa, jadawali kuwa yakan zubar da sifilin farko idan ba a gaya masa cewa gidan na rubutu ne ba, lambar asusun banki ma haka idan ta fara da sifili. Muhammadu da Muhammad da Mamman mutum uku ne a wurin na'ura. Ƙ mai lanƙwasa da k maras lanƙwasa baƙaƙe biyu ne, don haka ƙauyen da aka rubuta ta hanya biyu zai rabu gida biyu, a tace ɗaya a bar ɗaya. Maganin da masu aikin suka fi dogara da shi shi ne bai wa kowane fili lambarsa ta dindindin, a riƙa nema da lamba ba da suna ba, a kuma kulle gidan sunan gari ta yadda sai dai a zaɓa daga jerin da aka tanada.

Akwai abin da ya fi waɗannan muhimmanci. Rariya ba ta tace abin da ba a zuba mata ba. Mai haya da mai aro, da matar da ke noma gonar da ke ɗauke da sunan mijinta ko na mahaifinta da ya rasu, ba za su fito a kowane shafi ba muddin rajistar gida ɗaya ta tanada, na mai mallaka. Rajistar da ta dace da Kura da Bunkure da fadamun Madobi tana bukatar gida biyu, na mai gona da na mai nomanta a wannan kaka, kuma sai an sabunta na biyun duk rani. Haka nan akwatin alama ba ya faɗin wanda ya danna shi, ko yaushe, ko a kan nawa. Danna shi ya fi goge tawada a littafin En'e sauƙi nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙungiyar da ke son jerinta ya tsaya a gaban taron manoma tana ajiye lambar rasit da ranar biya a gefen kowane akwati, tana taƙaita masu ikon gyara shafin, tana kuma buga jerin a takarda a karanta shi a bainar jama'a kafin a rufe lissafin kaka. Google Sheets da Excel na intanet suna adana tarihin gyare-gyaren da aka yi wa shafi, kuma wannan tarihi, tare da kututturen rasit, shi ne abin da ake komawa gare shi idan manomi ya ce ya biya, jadawali ya ce bai biya ba.