Baba: Tsiron da Ya Rina Tarihinmu



Baba tsiron daji ne, dangin wake, mai ƙananan furanni ja-ja. Kakanninmu ne suka kai shi gona. A yanki ganyen, a daka, a dunƙula, a shanya, sannan a jiƙa a marina da toka. Da shi marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, ta rina turkudin da fatake suka kai har Agadas.

Da Jamusawa suka fito da shunin kanti a 1897, sai gonakin baba suka riƙa ja da baya.

Yau mu 'yan Kawo da Unguwar Rimi muna ƙawa da shuɗiyar shadda, amma mu nawa ne za mu gane baba in mun taka shi a bakin kogin Kaduna?