Daga kwansaye zuwa magajin gari: tarihin Dogari a Yamai

Da yawanmu mukan ce "mun zaɓi magajin gari", alhali a dokar Nijar ba mu ke zaɓensa kai tsaye ba. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, zamanin Tandja Mamadou, har zuwa 2024, mu kwansaye muka riƙa zaɓe, su kuma su zauna su fidda ɗaya daga cikinsu ya hau kujera. Tarihin Oumarou Moumouni Dogari ya isa misali.

Bayan zaɓen Janairun 2011, Dogari ya shiga majalisar birnin Yamai ƙarƙashin tutar Lumana ta Hama Amadou. Lokacin Lumana na ƙawance da PNDS Tarayya, sai ƴan majalisar suka ba shi shugabancin birnin. Amma a Agustan 2013 Hama ya raba gari da Shugaba Issoufou Mahamadou, ba a jima ba majalisar ministoci ta tuɓe Dogari. Gwamnati ta ce matsalar tafiyar da aiki ce, magoya bayansa suka ce siyasa ce tsagwaronta. Wanda ya gaje shi, Assane Seydou, shi ma bai tsira ba: a 2017 aka sallame shi kan ƙazantar birni, aka ɗora Mouctar Mamoudou ba tare da zaɓe ba.

Dogari dai bai bar fage ba. A zaɓen Disambar 2020 Yamai ta sake bin Lumana, ya koma kujerarsa a Afrilun 2021, yana ɗan adawa a babban birnin da PNDS ke mulkin ƙasa. Shekara uku ya yi. A Afrilun 2024 Janar Tiani ya rusa dukan majalisun da aka zaɓa, aka miƙa ma'aikatun magajin gari ga kantomomi, har da namu na Maraɗi, Damagaram da Tawa.

To, kun ga, sau biyu kwansaye suka ɗora shi, sau biyu aka sauke shi daga sama. Harajin kasuwa, filaye, kwashe shara da magudanan ruwa duk a hannun mai wannan kujera suke. Saboda haka ranar da zaɓe ya dawo, mu duba sunayen da ke cikin jerin kwansaye ɗaya bayan ɗaya, mu kuma tambayi masu neman ƙuri'armu wa ke da ikon sauke wanda aka zaɓa, kuma bisa wane laifi.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari.