Silaid na Baƙi-da-Fari: Daga Gilashi zuwa Fim

Silaid na baƙi-da-fari hoto ne da ake yi a kan abin da haske ke ratsawa, wato gilashi ko ledar fim, maimakon takarda. Ba a ganin kyansa sai an ɗaga shi ga haske, ko an sa shi a majigi an haska a bango. Ya bambanta da nagatif, wanda masu hoto na da kan miƙa wa mutum a 'yar ambulan tare da hotunansa. A nagatif komai a juye yake, baƙar fuska ta fito fara, farar riga ta fito baƙa. A silaid kuwa fari na nan a farinsa, baƙi a baƙinsa. Abin da ke yin duhun a cikin su biyun ɗaya ne: ƙananan ƙwayoyin azurfa da suka maƙale a cikin wani siririn shafi na jelatin.

Zamanin gilashi

Majigi ya girmi hoto da kusan shekara 200. Tun wajen 1659 masanin nan na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya zana fasalin fitilar da ke jefa zane a bango, kuma har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 da hannu ake fentin gilasan da ake sa mata. Abin da ya hana hoto shiga majigi da wuri shi ne hotunan farko a kan farantin ƙarfe ko takarda ake yin su, haske kuwa ba ya keta su. Mafita ta zo daga Faransa a ƙarshen shekarun 1840, lokacin da Abel Niépce de Saint-Victor ya gano cewa farin ƙwai na iya riƙe sinadarin azurfa a jikin gilashi. Wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa mazauna Filadelfiya a Amurka, William da Frederick Langenheim, suka ɗauki dabarar suka yi hotunan majigi da ita. Sun yi mata rajista a 1850 da sunan Hyalotype, suka kai ta babban baje kolin Landan na 1851.

A shekarar 1851 ɗin ce Frederick Scott Archer ya fito da kolodiyon, wanda ya fi farin ƙwai saurin kama haske, sannan a 1871 likita Richard Leach Maddox ya kawo jelatin. Da masana'antu suka fara sayar da busasshen gilashi da aka riga aka shafa, sai yin silaid ya zama aikin da malamin makaranta ma zai iya a gida. Yakan ɗora nagatif a kan sabon gilashi, fuska da fuska, ya haska musu fitila na ɗan lokaci, ya wanke. Juyin juyi ya koma daidai. Daga nan sai a sa baƙar takarda ta zagaye hoton, a rufe da wani gilashin, a liƙe gefuna huɗu. A Ingila girmansa inci 3 da kwata ne kowane gefe, a Amurka inci 3 da kwata a inci 4. Ana ƙona farar ƙasa da harshen iskar gas don samun haske mai ƙarfi, kafin lantarki ya zo ya hutar da kowa daga haɗarin gobara.

Wannan ɗan gilashi ya yi aikin da ya fi girmansa. A 1888 Jacob Riis, ɗan jarida haifaffen Denmak, ya fara zagaya zauruka da coci-coci a birnin Niyok yana haska wa masu hali irin ɗakunan da talakawan birnin ke kwana a cunkushe, shekara biyu kafin ya buga littafi a kan haka. Bayan 1904 Alice Seeley Harris, 'yar mishan Baturiyar Ingila, ita da mijinta suka bi garuruwan Birtaniya da Amurka da hotunan mutanen Kongo da aka datse wa hannu a kan harajin roba a mulkin Sarki Leopold na Biyu. Mutum na iya ninke jarida ya ajiye, amma a zauren da aka kashe fitila ba inda zai kai idonsa sai bangon. A 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓe Kongo daga hannun sarkin. A jami'a kuma, Heinrich Wölfflin ya yi suna a Balin da kafa majigi biyu gefe da gefe don ɗalibai su gwada zane da zane, salon da darasin tarihin zane ya riƙe har ƙarshen ƙarni na 20. Fim ɗin sinima ma ɗan gidan nan ne: abin da motocin majigi suka riƙa haskawa a dandalin garuruwan Arewa zamanin Turawa jerin irin waɗannan hotuna ne a kan leda, ana ja da sauri.

Wankin juyi

Hanya ta biyu ta yin silaid ta fi ban sha'awa, domin ba ta bukatar nagatif na dabam. Fim ɗin da ya shiga kyamara shi ne zai shiga majigi. Ga yadda abin yake. A wanki na farko, duk inda haske ya taɓa sai sinadarin ya rikiɗe ya zama baƙar azurfa, an sami nagatif ke nan. Maimakon a tsaya nan, sai a jefa fim ɗin a ruwan da ke narkar da wannan azurfar ƙarƙaf, ya bar sinadarin da haske bai taɓa ba. Bayan an ɗauraye tabon da ruwan ya bari, sai a fito da fim ɗin a haska masa fitila da gangan, abin da a wankin yau da kullum ɓarna ce. A wanki na biyu ragowar sinadarin ya yi baƙi. Inda farar riga take an riga an kwashe komai, saura leda garau. Inda inuwa take kuwa azurfa ta taru. Kamar zanen ƙwarya ne, wurin da aka kankare shi ke ba da fari.

Ruwan narkarwar shi ne wuyar aikin. Iri biyu aka fi sani, fotasiyam daikuromet da fotasiyam famanganet, kowanne ana haɗa shi da asid irin na ruwan batir. Na farkon ya fi iya aiki amma guba ne mai jawo ciwon daji, shi ya sa aka yi ta gudunsa. Na biyun ya fi sauƙin haɗari, sai dai yana tausasa jelatin, in ruwan ya ɗumama shafin ya saɓule daga ledar, hoto ya tafi. Don haka ake tsare zafin ruwa a wajen digiri 20.

Gidan Lumière ya yi amfani da wankin juyi a gilashin Autochrome da ya fito kasuwa a 1907, wanda a zahiri hoton baƙi-da-fari ne da ake leƙawa ta cikin rinannun ƙwayoyin sitacin dankalin Turawa. Amma tsimi ne ya yaɗa dabarar. Kamfanin Pathé ya fito da fim mai faɗin milimita 9.5 a 1922, Kodak ya biyo da milimita 16 a 1923 da milimita 8 a 1932, duka don mai son ɗaukar iyalinsa ya biya kuɗin fim ɗaya, ba biyu ba.

Kala ce ta tura silaid na baƙi-da-fari gefe. Kodachrome ya fito a girman milimita 35 a 1936, aka soma mayar wa mutane da shi a cikin firam na kwali mai inci 2 a 1939, majigin Carousel mai faifai zagayayye ya zo a 1961. Wanda ya sayi majigi don nuna wa baƙi hotunan tafiyarsa, shuɗin teku yake so su gani. Gilashi ya koma sito, baƙi-da-fari ya koma hannun likitoci da malaman jami'a masu nuna jadawali da rubutu. Waɗannan ne kamfanin Polaroid ya nufa a 1983 da Polapan da Polagraph, waɗanda ake wankewa cikin 'yan mintoci a wani ɗan akwati mai hannun juyawa, kafin kwamfuta ta ƙwace wannan kasuwar ita ma.

Duk da haka bai mutu ba, kuma dalilin a ido yake. Takarda haske take mayarwa, ko ta kai ƙarshen kyau farinta bai cika wuce baƙinta da ninki 100 ba. Silaid haske ke bi ta cikinsa, tazarar kan kai ninki 1,000, sai a ga zare-zaren riga a cikin inuwa inda takarda za ta nuna duhu kawai. Farashin wannan kyau shi ne rashin afuwa. Mai nagatif na iya gyara kuskurensa a ɗakin duhu wajen bugawa. Mai wankin juyi in ya bar haske ya yi yawa, fari ya wanke fes, ba abin da zai dawo da shi, kuma kwafi ɗaya tak gare shi. Sannan ba kowane fim ke yi ba, don ledar yawancin finafinan nagatif tana da ɗan toka-toka da ke dushe hoton a bango.

Kamfanin Agfa ya yi wa masu wannan sha'awa fim na musamman, da farko Dia-Direct, sannan Scala 200 a farkon shekarun 1990, wanda wasu 'yan ɗakunan wanki da kamfanin ya amince da su kaɗai ke wankewa. A ganin masu yawa shi ne ƙololuwar wannan fanni, kuma da wuya a musa musu. Ya zo ne a makare: kamfanin AgfaPhoto ya karye a 2005, shekara guda bayan Kodak ya daina ƙera majigin silaid. Yau Foma na ƙasar Cek yana yin Fomapan R 100 tare da magungunan wankinsa, Adox na Jamus ya farfaɗo da sunan Scala, Ilford na Ingila ya wallafa bayanin yadda za a juya wasu finafinansa, Kodak kuma bai daina Tri-X na juyi don kyamarorin Super 8 da milimita 16 ba.

Ta fuskar ajiya, tsohon ya fi sabon ƙarko. Launin silaid mai kala rini ne, yana koɗewa, musamman in ya daɗe a gaban fitilar majigi. Azurfa kuwa in an wanke ta da kyau takan haura shekara 100, shi ya sa gilasan zamanin Riis da Harris suke nan a gidajen tarihi ana sake ɗaukar su da na'ura. Abokan gabarsu su ne danshi mai kawo fumfuna a kan jelatin, iska mai hayaƙi da ke sa gefuna ƙyalli kamar madubi, da hannun da zai saki gilashin ya faɗi ƙasa.